Ra'ayin Mai Karatu a Bakin Iyaka: Nazari Kan Littattafan Matasa da Labaran Sarƙaƙiya a Baure

Shekara talatin da 'yan kai ke nan ana kai ruwa rana kan ƙagaggun labaran Hausa na zamani. Idan aka duba waɗanda suka yi magana a wannan muhawara, malaman jami'a ne, da marubutan kansu, da malaman addini, da hukumomin tace littattafai. Wanda ya zaro kuɗinsa ya saya ko ya yi haya, ya hana idonsa barci har ya ga shafin ƙarshe, shi ne ba a cika tambaya ba. Ana maganarsa kullum, a ce ana lalata masa tarbiyya ko a ce ana wayar masa da kai, amma ba a ba shi kujera a zauren. Wannan nazari ya ginu ne a kan cewa mai karatun Hausa, musamman matashi, yana da ma'auni nasa na gane littafi mai kyau da maras kyau, kuma ma'aunin nan ya fi fitowa fili idan ana zancen labaran sarƙaƙiya, wato na bincike da leƙen asiri da 'yan fashi da ban tsoro. Na zaɓi Baure, ɗaya daga ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura, saboda wuri ne da ake karanta littattafan amma ba a nan ake buga su ba. Ra'ayin wanda yake nesa da maɗaba'a, ba ya da aboki marubuci da zai ji kunyarsa, ya fi zama tsagwaron ra'ayi.

Manazarta adabi na ƙasashen waje sun daɗe da gane cewa ba a fahimtar littafi sai an haɗa da mai karanta shi. A Jamus, Hans Robert Jauss da Wolfgang Iser na Jami'ar Konstanz sun kafa mazhaba guda a kan haka tun ƙarshen shekarun 1960. A Amurka, Janice Radway ta fitar da littafinta a 1984 bayan ta zauna da matan wani gari masu karanta littattafan soyayya, ta ji daga bakinsu abin da suke nema da abin da ke sa su jefar da littafi. Abin da ta gano ya saɓa wa zaton masana: matan ba haɗiye komai suke yi ba, suna da sharuɗɗa masu tsauri. Irin wannan aiki ne ya yi ƙaranci a nazarin Hausa.

Adabin da aka fara don 'yan makaranta

Akwai abin da ake yawan mantawa: ƙagaggen labarin Hausa na boko littafin matasa ne tun ran gini. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 a Hukumar Fassara ta Zariya, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, babbar manufarta samar wa waɗanda suka koyi karatun boko abin karantawa. Yawancinsu kuwa yara ne da samari. Magana Jari Ce ma don aji aka tsara shi. Kuma duk littattafan nan cike suke da abin da ke sa zuciya bugawa: tafiya mai haɗari, yaƙi, sata, dabarar tsira daga hannun mugu. Iliya Ɗan Mai Ƙarfi na Ahmadu Ingawa ya bi sahu, haka Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo wanda ya kai yaro sararin samaniya. Ƙasar Daura ma ta sa hannu da Tauraruwar Hamada na Sa'idu Ahmed Daura.

Yaron ƙasar Daura kuwa tun kafin ya iya haɗa baƙi ya san yadda ake ɗaure mai sauraro da labari. Baƙo ya iso gari da dare, yana neman ruwan da zai ba dokinsa, an ce masa rijiya ba ta ɗebuwa sai ranar Juma'a saboda macijin da ke ciki; ya je Kusugu shi kaɗai, ya kashe macijin, ya tafi da kan; da gari ya waye masu ƙarya suka yi ta iƙirarin su ne suka yi aikin, har aka nemi shaida. Ko a ajiye batun tarihi gefe, ƙirar labarin Bayajida ƙirar labarin bincike ce: an yi aiki cikin duhu, ana neman wanda ya yi, hujja ce ta raba gardama. Wanda ya tashi da wannan a kunnensa ba za a yi masa rufa-rufa a saƙar labari ya kasa ganewa ba.

Reshen da aka yi wa rowar kulawa

Da aka shiga shekarun 1980, abubuwa biyu suka faru kusan a tare. Gasar kamfanin ɗab'i na NNPC ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina a 1980, suka buɗe ƙofar soyayya. Sai gasar Ma'aikatar Al'adu ta Tarayya ta fito a 1982 da littattafan da suka buɗe wata ƙofar daban: Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya tona duniyar fasa-ƙwauri da cin hanci ta hanyar Alhaji Gabatari, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, labarin Mailoma, tsohon sojan yaƙin basasa da ya koma shugaban 'yan ta'adda. Abin lura ne cewa marubutan biyu Katsinawa ne. A daidai lokacin, 'yan sakandare masu jin Turanci suna cinye littattafan James Hadley Chase da jerin Pacesetters na kamfanin Macmillan, wanda ya fara a 1977 kuma a ciki har da Mohammed Sule na Kano.

Daga nan sai ambaliyar Kano ta zo. Balaraba Ramat Yakubu, Ado Ahmad Gidan Dabino da In Da So Da Ƙauna a 1991, Bilkisu Ahmed Funtuwa da Allura Cikin Ruwa, ƙungiyoyi irin su Raina Kama. Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa wannan yayi suna Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta shi da na Onica, har ya yi hasashen mutuwarsa. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Ibrahim Sheme suka shiga fagen, aka yi ta gwabzawa a jaridu. Muhawara ce mai amfani, amma ta yi wa adabin illa guda: ta sa duk wanda bai karanta ba ya ɗauka soyayya ce kawai a ciki. Alhali a cikin ambaliyar nan akwai Bala Anas Babinlata da salonsa na labarin bincike, akwai Nazir Adam Salih mai Kibiyar Ajali, akwai Maje El-Hajeej Hotoro da labaran ban tsoro, akwai Abdul'aziz Sani Madakin Gini da littattafan yaƙi da jarumta waɗanda samari suka riƙa bi kashi-kashi. Waɗannan ne suka riƙe maza matasa a fagen karatu lokacin da ake cewa littafin Hausa na mata ne, kuma nazarin da aka yi a kansu bai kai cikin cokali ba idan aka gwada da wanda aka yi kan na soyayya.

Yadda littafi ke isa hannu

Ba za a fahimci ra'ayin mai karatu a Baure ba sai an san wahalar da littafi ke sha kafin ya same shi. A zamanin takarda, daga kasuwannin Kano ake saro su, su biyo hanyar Kazaure zuwa Daura, ko ta Ɓaɓura zuwa Babban Mutum. Kaɗan ne ke saye su mallaka. Haya ce ta fi yawa, da aro. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin haya ya san kamanninsa: bango an lulluɓe shi da leda ko an manne da salatif, gindin an ɗinke da zare don kada ya warwatse, kusurwoyin shafi sun yi laushi da baƙin yatsu, wani lokaci shafin ƙarshe ya yage ya ɓace. A gefen shafi za ka ga rubutun waɗanda suka riga ka, wata ta tsine wa mugun labarin, wani ya rubuta cewa nan marubuci ya yi ƙarya. Wannan rubutun gefe shi ne sharhin adabi na farko da matasanmu suka yi, kuma babu wanda ya tattara shi.

Littafin kan zo kashi biyu ko uku, kowane kashi ya tsaya a daidai inda numfashi ya ɗauke. A Kano mai karatu zai iya leƙa shago ya samo na biyu da yamma. A ƙauyen Baure yana iya yin makonni yana jira, ko ma na ukun ya ƙi zuwa gaba ɗaya. Wannan jira ya koya wa mutane wani irin karatu: a zauna a yi ta hasashen yadda za ta kaya, a auna kowace alama da marubuci ya bari. Idan na ƙarshen ya iso ya kasa biyan bashin da na farko ya ci, hukuncin da ake yanke wa marubucin ba ya da sassauci.

Yau waya ta karɓe aikin. Ana karantawa a WhatsApp da Facebook da Wattpad da manhajar ArewaBooks, ana biyan marubuciya ta banki ko da katin waya kafin a shiga rukunin da take sakin shafuka. Wanda ba ya da kuɗin data, ko bai iya karatun boko sosai ba, yakan kai ƙaramin katin wayarsa wurin masu caji a tura masa littafin da wani ya karanta da murya. Ta wannan hanya labarin da aka rubuta a Kano ko Kaduna yana shiga kunnen matar aure a cikin gida, da mai kiwo a daji, har ya tsallaka zuwa Magarya da Damagaram inda boko na Faransanci ne amma kunne na Hausa.

Ma'aunin da suke aunawa da shi

Abu na farko da za ka ji a bakin matashi idan yana kushe littafi shi ne, "an cika ja." Wannan kalma ta ƙunshi hukunci mai zurfi. Ba tsawon littafi ake ƙi ba, don masu karatun nan sukan bi labari mai shafi ɗaruruwa ba gajiya. Abin da ake ƙi shi ne shafin da bai matsar da komai ba: lissafin kayan ɗaki, da sunayen turare, da irin motar da aka hau, da gaisuwar da ta ci rabin babi. A zamanin takarda ja yakan zo ne don a cika kashi uku. A zamanin waya yana zuwa don a tsawaita kwanakin biyan kuɗi. Mai karatu ya san duka biyun, kuma yana jin an ci da guminsa.

Na biyu, kuma a nan ne labarin sarƙaƙiya ya fi shan gwaji, shi ne bambancin ɗaure zuciya da ba da mamaki. Alfred Hitchcock, gwanin finafinan fargaba, ya taɓa bayyana shi da misalin bam a ƙarƙashin tebur: idan ya tashi ba zato, an firgita mai kallo na ɗan lokaci, idan kuwa mai kallo ya san yana nan kuma mutanen da ke zaune ba su sani ba, kowace daƙiƙa ta hirarsu ta zama azaba mai daɗi. Matasan da ba su taɓa jin sunan Hitchcock ba suna yin wannan rarrabewa da kansu. Littafin da ya ɓoye komai sannan a shafin ƙarshe ya fito da wani ɗan'uwa da ba a taɓa ambata ba, ko tagwayen da aka raba tun suna jarirai, ko mafarki, sukan ce marubucin ya rasa mafita ne. Wanda kuwa ya nuna musu maƙiyi tun da wuri, ya bar su suna kallon tauraro yana tafiya zuwa tarko, shi ne ake cewa ya iya. Ƙarfin Ƙarshen Alewa Ƙasa daga nan yake: mai karatu yana tare da Mailoma, ya san abin da ya ƙulla, fargabarsa ita ce wa zai faɗa hannunsa kuma yaushe dubunsa za ta cika. Ko In Da So Da Ƙauna, da ake lissafawa a soyayya, abin da ya riƙe mutane shi ne tsoron abin da Sumayya za ta yi wa kanta idan aka matsa mata.

Akwai wani sharaɗi da ya danganci aljanu da tsafi. Mai karatun Hausa ba ya ƙin su a labari. Littattafan yaƙi da na ban tsoro a kansu suka dogara. Amma yana so a kafa musu doka tun farko a kuma tsaya a kanta. Idan an ce takobin ba ya cin wanda ya yi kaza, to kada a zo tsakiyar yaƙi a manta. Abin da ba ya yafewa shi ne a fara labari a duniyar 'yan sanda da kotu, a ƙulla matsala ta hankali, sannan a kira boka ya warware ta. Wannan a wurinsa ha'inci ne.

Na uku shi ne gaskiyar wuri da mutane. Nan ra'ayin mai karatun Baure ya rabu gida biyu, kuma wajibi ne a faɗi duka. Akwai masu son a ɗauke su daga inda suke, a kai su Abuja da Dubai, gidan bene da jirgin sama. Bayan wunin gona ko na talla, wannan hutu ne, kuma ba laifi ba ne mutum ya nemi hutu. Amma su ɗin dai sukan yi ƙorafin cewa ɗan ƙauye a littattafan nan kullum abin dariya ne, ko ƙazami, ko yarinyar da ba ta zama mutum sai ɗan mai kuɗi ya kai ta birni ya wanke ta. Yarinyar da ke karanta wannan a Baure tana gane cewa da ita ake. Tana iya ci gaba da karatun don labarin ya riƙe ta, amma ba ta manta cin fuskar ba.

Na huɗu shi ne batun tarbiyya, wanda manya suka ɗauka su kaɗai ya dama. A 2007 gwamnatin Kano ta Malam Ibrahim Shekarau, ta hannun shirin A Daidaita Sahu, ta ƙona littattafan da aka ƙwace daga hannun ɗalibai, daga baya kuma Hukumar Tace Finafinai ta matsa wa marubuta su yi rajista. Abin da aka kasa lura da shi shi ne masu karatu da kansu suna da wannan damuwa. Su ne ke gargaɗin juna cewa littafin wance akwai batsa, kada a ba ƙanwa. Su ne kuma ke ƙin littafin da ya koma wa'azi tsantsa, tauraruwa ba ta kuskure, kowane babi ya ƙare da nasiha. Abin da suke nema shi ne a nuna mugunta yadda take, da zaƙinta da ɗacinta, a kuma bar sakamako ya fito daga cikin labarin. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba ya daɗe a zukata ne saboda abin da ya sami Alhaji Abdu daga halinsa ya tsiro.

Inda giɓin yake

Matsalar da ta fi kowace girma, a ganina, ita ce kasuwar littafin Hausa ba ta ware wa matasa rumfa ba. A Amurka, tun bayan da S. E. Hinton ta fitar da littafinta na farko a 1967 tana 'yar shekara goma sha takwas, aka samu rukuni mai zaman kansa na 'yan sha uku zuwa sha takwas, da editocinsa da ma'auninsa. A wurinmu littafi ɗaya ne uwa ke karantawa da 'yarta mai shekara sha huɗu. Labarin kishi da sirrin ɗakin aure da aka rubuta don matan aure shi ne ke faɗawa hannun 'yar aji uku, ba don ta fi son sa ba, sai don shi ne a kusa. Waya ta ƙara dagula lamarin, domin babu mai shago da zai dubi fuskar yarinya ya ce wannan ba naki ba ne. Ƙona littafi ko hana waya ba ya cike wannan rami. Abin da zai cike shi littafi ne da aka rubuta da matashi a zuciya: jarrabawa da satar amsa, almajirci, abota da cin amana, shaye-shaye, tafiya ci-rani, yarinyar da ke son ci gaba da karatu, duk a cikin labari mai gudu wanda ba a iya ajiyewa.

Kayan aikin kuwa a zube suke a ƙasar Daura. Yankin iyaka ne. Mutane sun ga abin da rufe iyakar Nijeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ya haifar, sun sake gani bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Sun san hanyoyin daji da babura ke bi da dare da buhunan shinkafa da jarkokin mai, sun san masu safarar mutane zuwa Agadas da Libiya, sun san hada-hadar kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa da irin kuɗin da ke juyawa a cikinta, sun san iyalan da rabinsu ke wannan ƙasa rabi a waccan. Turmin Danya ya nuna tun 1982 cewa wannan duniya tana ɗaukar babban labari, amma waɗanda suka bi sawunsa ba su da yawa, alhali marubuta na ta kai taurarinsu biranen da su kansu ba su taɓa takawa ba. Saurayin da ya san yadda ake tsallaka iyaka da dare zai gane ƙarya a layin farko, kuma zai riƙe marubucin da ya faɗi gaskiya hannu bibbiyu.

Gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016, wadda Aisha Muhammad Sabitu daga jihar Katsina ta fara lashewa da labarin da ya shafi 'yan gudun hijira, ta tabbatar da cewa idan aka buɗe ƙofa aka sa ma'auni, rubutu mai nauyi yana fitowa daga inda ba a zata ba. Irin wannan ƙofa ake buƙata ga labaran matasa da na sarƙaƙiya. Sassan Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Yusufu Bala Usman da ke Daura su ne mafi kusa da wannan aiki. Su tura ɗalibansu Baure da Zango da Sandamu, su zauna da 'yan sakandare da matan aure da masu tura littafi a waya, su rubuta abin da suka ce suna so da abin da suka ce ya ishe su, da kalmominsu. Marubutan Katsina da Daura kuma su karanta sakamakon kafin su sake ɗaukar alƙalami.